Abin da Na Ɗauko daga Abijan

A tashar Yamai na fara gane cewa na bar gida da gaske. Mu huɗu muka tsallaka ta Babura tare da wani mutumin Magarya da ya yi mana alkawarin aiki a Abijan. Mutum ne mai zaƙin baki, ba ya ƙarasa magana sai ya haɗa da salati. Da muka sauka ya ce mu zauna a benci, zai kai kayanmu wajen motar Wagadugu ya kama mana wuri. Muka zauna tun hantsi har aka kira la'asar. Har yau ban sake sa shi a idona ba. A cikin jakata da ya tafi da ita akwai wuƙaƙen fawa uku da na gada daga mahaifina, da kayan sawa, da ƙullin yaji da matata Rabi ta daka mini.

Sauran ukun suka juya gida. Ni na ƙi, don ina da taurin kai, kowa a Roni ya san ni da shi. Na riga na cika baki a majalisa cewa ba zan dawo ba sai da abin da zan yi wa ɗakin Rabi rufin kwano, kuma a lokacin gani nake gara in mutu a hanya da in koma a yi mini dariya. Kwana biyu ina gararamba a tashar, sai wani direban motar albasa, Ba'adare daga wajen Tawa, ya ga ina alwala da ragowar ruwan leda. Ya tambaye ni daga ina, na gaya masa. Ya ce in hau saman buhu. Haka na ratsa Barkina, na shiga Kwaddibuwa, ina warin albasa, ina cin abin da ya rage a kwanonsa. Ko sunana bai tambaya ba sai a rana ta uku.

Shi ya kai ni wurin Alhaji Mamman a unguwar Ajame. Alhaji Mamman dattijo ne mutumin Tawa, ya yi shekaru yana gasa nama a bakin titi, irin gashin da suke kira cukuya a can. Ya dubi hannuwana, ya miƙo mini wuƙa da cinyar rago, ya ce in nuna masa. Da na gama bai yaba ba, bai kushe ba, sai ya nuna mini inda zan ajiye tabarma.

Abijan gari ne na ruwa. Sama ruwa, ƙasa ruwa, riga ba ta bushewa a jikin mutum. Ba na jin Faransanci, ba na jin Julanci, abin da na iya kawai in yanka, in barbaɗa yaji, in naɗe a takarda. Abin da ya fi damuna shi ne shiru. Mutane dubu suna wucewa ta gabanka, babu wanda zai ce maka ina gajiya. Wani lokaci ina fifita wuta sai in ga dutsen bayan gidanmu a idona, har da awakin da ke hawa kansa.

Wata guda da isowata Rabi ta kira ni. Ta yi ta kewaye-kewaye, ta gaishe ni sau uku, sannan ta ce da safe ba ta jin daɗin jikinta, kuma Inna, mahaifiyata, ta dube ta ta yi dariya. Na gane. Ranar na ƙara wa kowane mai saye nama, har Alhaji ya tambaye ni ko sadaka muke yi.

A gefen tukubarmu akwai wata mace mai sayar da acheke, wani abinci na rogo mai kama da dambu. Sunanta Awa, Bajula ce daga arewacin ƙasar, mijinta ya rasu. Tana jin Hausa kaɗan, irin ta kasuwa. A wata na bakwai zazzaɓin cizon sauro ya kayar da ni, na yi mako guda ba na iya ɗaga kai. Awa ce ta riƙa kawo mini romo da safe, ta tsaya sai na shanye. Ita ce ta wanke mini riga. Tun da na bar Roni babu wanda ya taɓa goshina ya ji ko da zafi sai ita.

Ba zan ɗora mata laifi ba, don ba ta ja ni ba. Bayan na warke, wata Lahadi da rana, na ɗauki kwanukanta na kai mata gida. Ruwa ya tsuge. Na ce bari in jira ya ɗauke, alhali na san hanyar tashar mota ba ta fi taku ɗari ba. Abin da ya faru ya faru, sau ɗaya, ba tare da wata kariya ba. Da na fito ruwan bai ma ɗauke ba.

Washegari tsoro ya kama ni. Kunyar Allah tana nan, amma gaskiya tsoron ƙanjamau ya fi ta ƙarfi a ranar. Na taɓa ganin wani a garinmu da ya dawo daga Kudu ya rame har ya ƙare, na kuma tuna ban san abin da ya kashe mijin Awa ba. Ban taɓa tambaya ba.

A nan na yi wautar da har yau nake cizon yatsa a kanta. Maimakon in nufi asibiti, sai na nufi wani mai magani Bahaushe da ke shimfiɗa a bakin masallacin Juma'a, da saiwoyi da kwalabe a gabansa. Mu a wajenmu duk abin da ya shafi gaba sanyi ne, kuma sanyi wanke shi ake yi. Na raɗa masa a kunne. Ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, ɗan'uwa. Dattin bai kai ga jini ba tukuna. Ka sha wannan kwana uku, safe da yamma, zai fito ta ƙasa." Na sha. Kwana uku ina zarya bayan gida, ina murna wai cuta ce ke fita.

A rana ta shida na ji wani ƙaiƙayi mai haɗe da zafi a leɓena, da kuma can ƙasa. Kafin kwana biyu ƙananan ƙuraje masu ruwa sun fito a jere, kamar ƙunar tafasasshen mai. Fitsari ya zama azaba. Kaluluwa ta fito mini a matsematsi, jikina ya yi zafi. Na ce shi ke nan, ta kama ni. Na koma wurin mai maganin, ya ce alamar nasara ce, dattin ne ke neman hanya, in ƙara kwalba biyu. Da ba a bakin masallaci muke ba, wallahi da na watsa masa saiwoyinsa a kwata.

Alhaji Mamman ya lura ina tafiya a tattale. Bai tambaye ni komai ba. Ya ce, "Habu, akwai wani ɗan Maraɗi, Malam Idi, yana aikin jinya a ƙaramin asibitin bayan kasuwa. Ka je ka ce ni na aiko ka. Ba ya da surutu."

Malam Idi gajere ne mai furfura a gemu. Ya rufe ƙofa, ya duba ni, ya wanke hannu, ya zauna. Sai ya shiga yi mini tambayoyi ɗaya bayan ɗaya, kamar alƙali.

"Yau kwana nawa?"

"Tara."

"Da kwaroron roba?"

Na girgiza kai.

"Ka ga wani ƙurji ko gyambo a jikinta?"

Na tuna wani ɗan ɓawo a gefen bakinta, na gaya masa.

"Ka san ko ta taɓa yin gwaji?"

"Ban sani ba."

"Kai fa?"

"Kafin aurena, a Kazaure. Lafiya lau."

"To mi ya hana ka zowa tun washegari?"

Na ba shi labarin kwalbar. Ya ce akwai maganin da ake ba mutum idan ya zo cikin kwana uku da faruwar abu, ya sha na mako huɗu, ya tare ƙanjamau kafin ta zauna a jiki. Bayan kwana uku ba ya aiki. Kwana ukun nan su ne na ƙarar a bayan gida. Na ji kamar in kwanta a ƙasan ɗakin.

Ya ce in natsu, abu biyu ne a gabana, kada in cakuɗa su. Ƙurajen nan ba ƙanjamau ba ne. Wani ciwo ne da ake kira hafis, ana ɗaukarsa ta haɗuwar fata da fata, ko ta baki. Zai ba ni ƙwayoyi su bushe, amma ƙwayar cutar ba ta barin jiki. Takan kwanta, in mutum ya gaji ko ya yi zazzaɓi ko ya shiga damuwa ta sake tasowa. Ba ta kisan babba. Mutane da yawa suna da ita ba su ma sani ba.

"Ita kuwa ɗayar," in ji shi, "ba mu san ko matar tana da ita ba. Ko tana da ita, ba kowace haɗuwa ce ake ɗauka ba, sau ɗaya ba kasafai ba. Amma inda akwai ƙurji ƙofa a buɗe take, don haka ba ni rantse maka."

Ya soki yatsana, muka jira. Layi ɗaya ya fito. Na fara hamdala da ƙarfi, ya ɗaga mini hannu. Ya ce wannan sakamakon labarin Habun da ya baro gida yake bayarwa, bai san komai game da Lahadin nan ba. Jini ba ya nunawa da wuri. In sake gwaji a mako shida, in kuma sake a wata uku, wannan na ƙarshen shi ne magana. Kafin nan kada in kusanci kowace mace.

"Kana da iyali?"

Na ce matata tana da tsohon ciki.

Ya ajiye biro. "To ka saurara da kyau. In ka ba ta ƙanjamau tana shayarwa, ka ba mutum biyu. Shi kuma wannan na leɓenka, da ka raina, yana iya kashe jariri sabon haihuwa. In ya taso, bakinka da yawunka kada su kusanci yaron. Ka ji ni?"

Na ce na ji. Na tambaye shi nama fa, da kwanon da muke ci tare da mutane. Ya ce ƙanjamau ba ta bin nama, ba ta bin kwano, in dai na yanke in ɗaure hannuna. Da na koma, Alhaji ya ɗauke ni daga yanka ya mai da ni kan wuta, ya ce ya ga hannuna na rawa kwanan nan. Iyakar abin da ya taɓa faɗa ke nan.

Malam Idi ya ce in na iya in kawo Awa, don in an gwada ta za a rage mini jira. Na same ta tana kwashe acheke, na yi mata bayani da guntuwar Hausar da muke fahimtar juna da ita. Ta ajiye ludayi. Ta ce ƙurjin baki tun tana yarinya yake fito mata, kowa a gidansu yana yi. Sannan ta ce, "Ni na ba ka romo. Kai ka zo gidana. Yanzu ni ce mai datti? Kai wa ya gwada ka kafin ka shigo?" Tana da gaskiya. Washegari ta mai da teburinta tsallaken titi. Ko ta je asibitin ko ba ta je ba, ban sani ba har na bar garin.

Mako uku da Lahadin nan, yayana ya kira ya ce Rabi ta sauka lafiya a gidan iyayenta a Gwiwa, an sami mace. Ya ce Inna ta ce ko a ƙafa ne in zo suna, haihuwar fari ce. Alhaji ya sa ni a motar da ta sauke shanu za ta koma, ya ba ni wuƙa ɗaya daga cikin nasa. Kwana biyar muna hanya, zafi da ƙura da shingayen jami'ai, ba barcin kirki. Muna shiga Damagaram na ji ƙaiƙayin nan a leɓena. Kafin in tsallako Babura ƙurajen sun fito.

Na isa Gwiwa ana gobe suna. Na tuɓe takalmi a zaure na durƙusa na gaida surukina, Malam Sule, manomi ne mai ƙarancin magana. Aka shigar da ni ɗakin da Rabi take. Ta yi fari, ta yi kyau, tana ƙamshin ganyen wanka. Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Kakarta, wata tsohuwa da ake kira Gwaggo, ta ɗauko jaririyar ta ɗora mini a hannu. Ban taɓa riƙe abu mai sauƙin nauyi da ya yi mini nauyi haka ba.

Sai Gwaggo ta kwance bakin zaninta ta fito da dabino guda. Ta ce, "Malam ya yi mata huɗuba tun ranar, amma na hana kowa ya ba ta dabino. Na ce a jira ubanta, tunda yana hanya. Tauna ka sa mata, ta ɗanɗani albarkarka."

A gidansu haka ake yi, uba ya tauna dabino ya shafa wa jariri a dasashi. Mata sun cika ƙofa suna kallo. Na dubi dabinon, na dubi ɗan bakin yarinyar yana motsi. Na miƙa wa Gwaggo ita, na ce a ba Malam Sule ya yi, ni ban cancanta ba. Tsohuwar ta yi dariya ta ce in bar kunyar 'yar fari, ai ba a filin kasuwa muke ba. Na ce a'a. Ta sake miƙowa, na ja da baya har na taka ƙwarya.  Da na ce bakina ke ciwo da an wuce wurin, amma mai laifi gani yake kowa zai karanta laifinsa a ƙurji ɗaya, don haka na rufe bakina da hannu na fita.

Aka yi suna, yarinya ta ci sunan Safiya. Na koma Roni. Da mako shida ya cika na hau babur na je asibiti a Kazaure, inda nake ganin ba wanda ya san ni, aka gwada, layi ɗaya. Ma'aikaciyar ta faɗi abin da Malam Idi ya faɗa, in dawo in wata uku ya cika. Na zauna na lissafa. Gidan su Rabi ba sa riƙe 'ya ta wuce arba'in, ranar da ta gama wanka ake yi mata lalle da kitso a maido ta ɗakinta. Arba'in ɗin za ta cika saura wata guda cif kafin gwajina na ƙarshe. Matar da ta yi kusan wata goma ba ta zauna da mijinta ba, za a kawo ta da ƙamshi da sabon zane, in ce mata me?

Sai na ƙirƙiro dabara, ina ganin na yi wayo. Na je na durƙusa gaban Malam Sule na roƙi a bar Rabi ta ƙara wata ɗaya, wai ɗakinta yana yoyo, ina so in gyara. Ya ja carbinsa. Ya ce, "Damina ta wuce, Habu. Wane yoyo?" Na ce ai gara a gyara tun yanzu. Ya ce, "To. Allah ya sa mu ji alheri." Bai ba ni hannu ba da zan tafi.

Ni ban san abin da na ƙulla ba. Ina can ina ganin na kare matata, ashe na jefa ta a bakin duniya. Na tafi ba wanda ya san tana da ciki. Na dawo na ƙi sa wa jaririya dabino a gaban mata. Yanzu kuma na ƙi karɓar uwar. Duk wanda ya jera waɗannan ukun, amsa ɗaya zai samu.

Kwana huɗu bayan arba'in Rabi ta aiko a ce in zo. Na same ta ita kaɗai a ɗaki da hantsi, yarinyar na barci a gefe. Lallen da aka yi mata na komawa gida yana nan a hannunta, amma ta zube, idanunta sun faɗa. A kan tabarma, tsakanina da ita, akwai Alƙur'ani a cikin gafaka.

Ta ce, "Malam, na yi alwala. Ka ce in dafa, in dafa."

Na ce, "Ki dafa a kan me?"

"Mata sun ƙirga watanni a gabana, da yatsu. A bakin rijiya an ce ka ga yarinyar ba ta yi kama da ku ba. Baba ya daina cin abincin da na taɓa. Nonona ya fara ɗaukewa." Muryarta ba ta rawa, hawaye ne kawai ke zuba. "Ban san kowa ba sai kai. In kana shakka ka faɗa mini a fuskata, kada ka bar ni a nan ana nuna ni."

Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan lokacin ba. Laifin da na aikata a Abijan, shi aka ɗauka aka rataya mata a wuya, kuma ni na miƙa igiyar. Na ga hanya biyu ce. Ko in ce ta tashi mu tafi yau, bakin mutane ya mutu, in kwana da ita ina addu'ar kada a sami komai a jinina. Ko in buɗe baki. Wallahi na fi minti guda ina duba hanya ta farko, ba zan ɓoye ba.

Na ɗauke Alƙur'anin na ajiye a kan akwati, na ce ba ita ce mai rantsuwa ba. Na gaya mata duka, da zazzaɓin, da romon, da ruwan saman, da kwalbar, da abin da Malam Idi ya ce game da nono da kuma yawu. Ban rage komai ba, don na san in na tsaya ba zan iya ci gaba ba.

Ba ta yi kuka ba, hawayen ma suka tsaya. Ta jawo yarinyar ta rungume, ta duba bakinta, ta duba fuskarta. Ta ce, "Ranar da aka ba ka ita, ka sumbace ta?"

Na ce a'a.

Ta yi ajiyar zuciya. Can ta ce, "Baba yana zaure. Ka je ka gaya masa da bakinka. Ni ba zan wanke kaina ba, kai za ka wanke ni."

Tsakanin ɗakin da zauren bai fi taku ashirin ba, amma ya fi mini hanyar Abijan tsawo. Na durƙusa gaban mutumin da ko ido ban taɓa haɗawa da shi ba, na ce Safiya 'yata ce, ba ni da shakka ko ta ƙwayar zarra. Na ce ni ne na yi abin kunya a tafiya, na ɗauko ciwon da ake ɗauka, ina jiran gwajin wani da ya fi shi, shi ya sa na ƙi dabino, shi ya sa na roƙi wata guda. Malam Sule ya kawar da fuska ya dubi bango. Ya ce, "Allah ya shirye ka. Tashi ka tafi." Ina sa takalmi na ji ya ɗaga murya, shi da ba ya ɗagawa, yana cewa a gaya wa Rabi ta kawo masa fura da hannunta.

Abin da ya gaya wa mutane ban sani ba. Na dai san maganar ta bar kanta ta dawo kaina. A majalisar Roni aka rage miƙo mini hannu, wasu suka daina sayen nama a wurina. Na ji zafi, amma wannan kayan nawa ne.

Ranar da wata uku ya cika na zo hawa babur sai ga Rabi a bakin hanya da goyo, ta taho tun daga Gwiwa. Ta ce da idonta za ta gani. Muka zauna a bencin asibitin Kazaure, akwai wurin mutum guda tsakaninmu. Aka soki yatsana. Ta ƙura wa abin gwajin ido har ma'aikaciyar ta ce layi ɗaya ne, ba ni da ita, an rufe magana. Na kifa kaina a gwiwa na yi kuka kamar yaro.

Rabi ta bari na gama. Sannan ta tambayi ma'aikaciyar, "Ɗayan fa, na ƙurajen? Yaushe zai rabu da shi?"

Matar ta ce ba ya rabuwa. In ya taso a nisanci juna har ya bushe, a sha magani, kada ya sumbaci yarinya. Ko bai taso ba ana iya ɗauka, sai dai da wuya, roba kuma tana ragewa. Rabi ta saurara har ƙarshe, ta yi godiya, ta gyara goyonta.

A bakin ƙofar asibitin ta tsaya. Ta ce, "Zan koma ɗakina. Amma duk ranar da ka ji zai taso, ka zo ka gaya mini da bakinka, tun kafin in gani. Ranar da na gani da idona ba ka faɗa ba, ranar zan koma Gwiwa, kuma ba mai dawo da ni."

Na ce na yarda. A lokacin gani nake sharaɗi ne mai sauƙi.

Yau shekara uku ke nan. Rabi ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta taɓa ambaton Abijan ba, ko da muna faɗa. Ba ta kuma bukatar ta ambata. Duk bayan 'yan watanni, in na gaji ko zazzaɓi ya taɓa ni, sai in ji ƙaiƙayin nan, sai in tashi da ƙafata in je in tsaya a gabanta in sake faɗa. Kowane zuwa kamar na farko yake.

Shekaranjiya ya taso. Na same ta tana tankaɗe a tsakar gida, na tsaya a kanta na gaya mata. Ta ce, "To," ba ta ɗago ba. Safiya ta rugo da gudu ta ɗane jikina tana neman fuskata, na kawar da kai, na sauke ta. Ta tsaya tana kallona, sannan ta juya ta tambayi uwarta ko Baba fushi yake yi da ita. Rabi ta ci gaba da tankaɗenta, ta bar ni da amsar.